Karsanar da Aka Kai Garken Yaya

A masaukin Mhute, can saman duwatsun Nyanga, da wuya ɗan baƙo ya kwana biyu bai hau bayan Keresenzia ba. Shekararta ashirin da shida a kan wannan aiki. Iyaye su iso daga Harare ko Mutare ko ƙetaren teku, su sauke jakunkuna, su miƙa mata yaro kamar yadda suke miƙa wa mai gadi makullin mota, su tafi kamun kifi a tafki ko hawan doki. Ita kuma ta goya ƙaramin da farin tawul mai tambarin masauki, ta riƙo manyan a hannu, su haura tudu zuwa kufai, inda mutanen da suka jera duwatsu suka yi ganuwa da ramukan shanu, suka shuɗe ba su bar suna ba. Baƙi Anti Keri suke ce mata. Ma'aikata kuwa, da yake sun san ya kamata, Mai Chenesai suke kiranta, wato uwar Chenesai, don ba a kiran matar da ta haihu da sunanta tsirara.

Allon da ke bakin titi cewa yake, ku zo da yaranku, nan ma gida ne. Kuma bai yi ƙarya ba. Akwai lilo, akwai zomaye a keji, akwai wurin wanka mai ɗumi da ruwansa bai wuce gwiwa ba, kowane ɗaki da murhunsa saboda sanyi, an kewaye shi da waya kada ɗan wani ya ƙone. A bayan ɗakin girki ne, inda ɗakunan ma'aikata suke a jere, ake da dokar da ba a rubuta a allo ba: ba yaro, ba dabba, ba baƙon kwana.

A Ruwangwe aka haife ta, ƙasan dutse, inda rana take gasa mutum. Ta auri wani mai saran itace a gandun katako, gungume ya kufce daga mota ya danne shi Chenesai tana shekara biyu. Da shekara ta zagayo dangin miji suka zauna rabon kayan mamaci, ta lura idonsu yana bi ta kan gatari, ya bi ta kan keke, ya zo ya tsaya a kanta, ana auna wane ƙane ne zai gaje ta. Yayarta Winifrida, matar malamin makaranta, mai 'ya'ya maza uku babu mace, ita ta buɗe mata hanya. Ta ce kawo yarinyar nan, ki je ki nemi aikin da aka ce ana ɗauka a dutse, shekara ɗaya ki tara abin da kika tara ki dawo.

Duk wanda ya tambayi Keresenzia dalilin da shekara ɗaya ta zama ashirin da shida, amsa ɗaya yake samu: karatun yarinya. Ta kuwa biya shi, tun daga firamare har jami'a, ba mai musun wannan. Abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba shi ne abin da ya faru ranar da ta iso. Ta yi kuka a bas tun daga Ruwangwe har Nyanga, kuka na gaskiya, har wata tsohuwa ta ba ta ayaba. Sai aka nuna mata ɗaki, taku huɗu a tsaye taku uku a kwance, aka danƙa mata makulli. Tun da aka haife ta ba ta taɓa samun ƙofar da take tata ba. Ta kulle, ta buɗe, ta sake kullewa, ta zauna bakin gado da rana tsaka, ba mai kiranta, ba mai kuka, ba mai jiran tuwo, ta ji wani sanyi ya sauko mata a ƙirji wanda ba na dutsen ba ne. Ta ji kunyar wannan sanyi ƙwarai, amma ba ta mayar da makullin ba.

Can gida yarinya ta tashi tana jin 'ya'yan Winifrida suna ce wa uwarsu Amai, suna ce wa Keresenzia Mainini, ƙaramar uwa, yadda ake kiran ƙanwar uwa. Ta bi sahunsu. Ranar da ta fara faɗa kowa ya yi dariya, Keresenzia ta fi kowa. Babu wanda ya gyara mata, kuma aka wuce a haka.

Shekara biyar da suka wuce wani injiniya mai suna Gwinyai Nyakudya ya nemi auren Chenesai. Danginsa suka sa ranar kawo dukiyar aure a Asabar ɗin Ista, lokacin da masauki yake cika har a shimfiɗa katifu a falo. Manaja, Mista Saungweme, mutum ne mai sauƙi, da ta tambaye shi da ya bar ta. Ba ta tambaya ba. Ta aika wa Winifrida cewa aiki ya riƙe ta, ta zauna tana jira a ce to, an ɗaga rana saboda uwar yarinya. Ba a ɗaga ba. Aka yi taro, aka yi ciniki, aka tafa hannu, aka zo kan saniyar uwa.

Ko yaro ya san saniyar uwa daban take. Sauran shanu a iya mayar da su kuɗi, a biya rabi a bar rabi har jikoki su girma. Ita wannan dole ta zo da ƙafarta, karsana mai rai, ta matar da ta ɗauki ciki ta yi naƙuda ce ita kaɗai, ko mijinta ba shi da iko da ita. In kuwa aka ɓata ran uwa a kanta, a mahaifar 'yarta abin yake fitowa. Winifrida ta ce a kai garkensu ta riƙe wa ƙanwarta. Amma a gabanta suruki ya durƙusa, ita aka lulluɓa wa bargo, kuma tun daga ranar mutanen gari saniyar Winifrida suke cewa. Da labari ya iso dutse Keresenzia ta ce ba komai. Ta faɗe shi ta yadda sai da ya sauka har Ruwangwe da nauyinsa. Ba ta je bikin coci ba. Da aka haifi jika, Mazvita, ta sayi shuɗin zanen goyo a Nyanga, ta ninke shi ta sa a ƙasan akwati, ta jira a kawo mata yarinyar. Shekara huɗu zanen yana nan da ninkinsa.

Sai wata Alhamis cikin watan Afrilu Mista Saungweme yana karanta jerin baƙin ƙarshen mako a taron safe, ya ce ɗaki na huɗu, Mista Nyakudya da iyalinsa, kwana biyu, kuma sun nemi Anti Keri da suna. Ya ce kin gani, sunanki ya kai Harare. Bai san komai ba, ita kuma ba ta ce masa komai ba. Mutum ɗaya ne ya ɗago kai, Sekuru Zuze, wato Kaka Zuze, tsohon kuku da ya ƙetaro daga Mozambik tun zamanin yaƙi, wanda ya san cikin kowa a masaukin kamar yadda ya san cikin kifi.

Washegari ta shigo ɗakin girki ɗaukar shayi, ya shaƙi iska ya ajiye wuƙa.

"Yau jakar dakon yaran masauki ta shafa mai. Manaja ne zai ƙara aure, ko ni kika gano a ƙarshe?"

"Sekuru, ka ji da kaskonka. Jiya baƙon ɗaki biyu ya tambaye ni ko takalminsa da ya ɓata ne aka soya masa."

"Ya cinye kuwa?"

"Har igiyar."

Ya yi dariya har da tari, sannan ya ce mata a hankali, kada ta tsaya wa mota a gaba da zuciya a buɗe, mutanen birni ba sa hawo dutse don iska kawai. Ta ce masa tsufa ne ya sa yake ganin ƙaya a kowane nama.

Motar ta iso da la'asar. Dokar masauki ita ce ma'aikaci ya rusuna wa baƙo ya karɓi kaya. Dokar da ta girmi masaukin kuma ita ce suruki ba ya tsayawa ƙiƙam a kan uwar matarsa, tsugunawa yake ya tafa hannu. Gwinyai ya fito ya ga manaja a kan matakala yana murmushi, ya ga surukarsa cikin rigar aiki ta nufo shi hannu a miƙe. Ya rasa wadda zai bi. Sai ya zagaya bayan mota kamar zai buɗe but, ya tsuguna a tsakanin jakunkuna inda ba a hango shi, ya haɗa tafukansa ya yi tafi ƙasa-ƙasa, ya ce Ambuya, yadda ake kiran uwar mata. Ita ma da ta zo ɗaukar jaka ta durƙusa ta amsa. Suna nan su biyu a ɓoye kamar ɓarayin taya, Chenesai ta zagayo, doguwa, cikin riga mai faɗi, riƙe da hannun yarinya.

"Amai, mun same ku lafiya?"

Keresenzia ba ta san abin da ta amsa ba. Ta dai san ta ɗauki jaka biyu da sai namiji yake ɗauka ta kai ɗaki na huɗu ba ta ji nauyinsu ba. Kalmar ta fito sumul, ba gargada, kamar an yi ta bitarta a hanya, amma a lokacin ba ta tsaya auna wannan ba. Ta koma ɗakinta ta buɗe akwati ta zaro shuɗin zane, ta karkaɗe shi, ƙamshin kafur ya cika ɗakin.

Safiyar Asabar da shi ta goya Mazvita, ko da yake yarinyar ta isa tafiya da ƙafarta. Mista Saungweme ya tambayi ina tawul, ta ce bai bushe ba, ta wuce. Suka haura ta tsakanin gonakin da, waɗanda aka yi wa jikin dutse hawa-hawa kamar matakala, ciyawa ta rufe su, raɓa tana jiƙa mata ƙafa. Yarinyar tana da nauyi da surutu, kuma ƙeyarta irin ta marigayi mai saran itace ce sak. Keresenzia ta kai ta babban ramin da ke tsakiyar kufai, mai zurfin tsayin mutum biyu, an jera masa bango da duwatsu ba laka ba siminti. Ta nuna mata 'yar hanyar ƙarƙashin ƙasa da ake shiga ramin ta ciki, ta gaya mata abin da ta gaya wa 'ya'yan mutane sau dubu: a nan mutanen da suke kwantar da ƙananan shanunsu, kuma a kan hanyar nan daidai mai gida yake gina ɗakinsa, don ko saniya ta motsa ya ji a ƙarƙashin tabarmarsa, ba mai fitar masa da ita bai sani ba.

Mazvita ta leƙa ramin, ta leƙa hanyar, sannan ta juyo ga Gogonta, wato kakarta.

"Gogo, a nan kika ɓoye su?"

"Su wa, 'yar nan?"

"Ƙannena. Biyu sun fita daga cikin Mama. Tete ta ce Gogon dutse ce take riƙe da su, in ba a ba ta saniya ba wannan ma za ta karɓe. Ki ba ni ɗaya mana, na mace nake so."

Keresenzia ta zauna a kan ganuwa, abin da take hana 'ya'yan baƙi yi. Ita da take gane cikin baƙuwa tun kafin mijin ya sani, daga yadda mace take hawa matakala kawai. Ga riga mai faɗi, ga Gwinyai yana tallabe gwiwar hannun matarsa a kowane tudu, ga dokin yawo da aka kawo wa Chenesai aka ce a mayar, ga shayi ba madara. Duk ta gani jiya, ba ta ga komai ba, kalma ɗaya ta rufe mata ido. Tete ɗin nan gwaggon Gwinyai ce, ta ji labarinta, matar da ba ta barin abu ya faru a dangi ba ta samo wanda ya jawo shi ba. Ashe a falon Harare an zauna, an yi lissafin ɓari biyu, an waiwayo dutse. Ashe jikarta tsoronta aka koya mata kafin a koya mata fuskarta.

Ta ce wa yarinyar babu kowa a ramin sai ƙadangaru. Ta sake goya ta suka sauko, ba ta ƙara nuna mata komai ba.

Da rana Zuze ya same ta a bayan ɗakin girki tana ɓare wake da ba aikinta ba. Ta gaya masa a taƙaice. Bai ce na gaya miki ba, ya dai ja kujera ya zauna, ya ce in shi ne, jan su zai yi. Ya ce ta ce musu sai ta yi shawara da danginta, su dawo wata mai zuwa. In sun dawo ta ce launin saniyar bai yi mata ba. Ciki wata tara ne, ya ce, kuma bayan wannan za su so wani; mace mai wayo sai ta ga jikarta kowane wata har yarinyar ta yi aure.

"Ka ji tsoron Allah, Sekuru."

"Ina jin tsoronsa. Ke dai kada ki ce ba ki riga ni tunanin ba, waken nan tun ɗazu ɓawon kike zubawa a kwano."

Ta duba, haka ne. Kuma ta riga shi tunanin, tun a kan ganuwa. Shekara biyar tana riƙe da wannan ɓacin rai tana zaton ciwo ne kawai, sai yau ta ga igiya ce, kuma ita kaɗai ce igiyar da ta rage tsakaninta da Chenesai. In ta saki, ba abin da zai sake hawo da motar nan. In ta riƙe, za a dinga zuwa, a dinga ce mata Amai, murya tana rawa.

Safiyar Lahadi bayan karin kumallo Gwinyai ya ce suna so Ambuya ta nuna musu kufai su ma. Suka bar Mazvita wurin zomaye. Hazo bai gama tashi ba, suka haura a hankali saboda Chenesai, tsakuwa tana ƙara a ƙarƙashin takalma. A bakin babban ramin Gwinyai ya cire hula ya tsuguna, wannan karon ba mota ba manaja, ya yi tafi sosai har amon ya dawo daga bangon dutse. Ya yi magana mai tsawo, mai ladabi, wadda da ji an shirya masa ita. Ya ce an yi kuskure, yara ne su, manya ba su nuna musu ba. Ya ce ya sayi sabuwar karsana baƙa, lafiyayya, ba ta taɓa haihuwa ba, tata ce ita kaɗai da sunanta, abin da suke roƙo ta karɓa, ta kurɓi ruwa ta fesar a ƙasa ta ce ranta ya yi fari.

Ta tambaye shi ina karsanar take. Ya ce ai sun san ba a barin dabba a masauki, kuma ba ta da gida a ƙauye, don haka sun kai ta inda za a kula da ita. Garken Maiguru Winifrida, wato babbar uwa.

Dariya ta kufce wa Keresenzia, marar daɗi, har wani tsuntsu ya tashi daga cikin ramin. Ta ce to madalla, yaya ta samu ta biyu, Allah ya ƙara.

Chenesai, wadda tun da suka zo take tsaye hannu a kan mara, ta ce wa mijinta ya tashi. Bai tashi ba. Ta juyo ga uwarta, kuma muryar da ta fito ba ta bita ba ce.

"Ni aka bari, kuma ni ce zan hawo dutse da ciki in roƙi gafara. Kin san abin da na gani jiya? Na tsaya a taga na ga yadda kike goya yaro. Kin iya. Ban taɓa sanin kin iya haka ba."

"Aikin da ya kai ki jami'a kenan."

"Na sani, an gaya mini kowane zangon karatu. Kirsimeti nawa kika zo?"

"Lokacin ne masauki yake cika."

"Matar da take wanki a nan 'yar garinmu ce. Duk shekara tana zuwa, ita take kawo mini alewarki. Ranar dukiyar aurena har rana ta faɗi ina kallon hanya. Amai ta ce a ɗaga, ni na ce kada a ɗaga, don na san ko an ɗaga wani dalilin za ki samu."

Amai ta ce a ɗaga. Chenesai ba ta ma ji wadda bakinta ya kira Amai ba. Keresenzia ta ji, ta kuma ji ɗayan, cewa ba Winifrida ce ta ƙi jiranta ba. Shekara biyar tana fushi da wadda ba ita ba. Ta nemi abin da za ta ce game da Kirsimeti, ta tarar duk dalilanta sun tsufa a hannunta, ba wanda zai ɗauki nauyi. Sai ta yi tambayar da ta kwana da ita.

"Da gwaggon mijinki ba ta faɗa ba, za ki zo?"

Gwinyai ya ɗago kai yana roƙon matarsa da ido. Chenesai ba ta dube shi ba.

"A'a."

Maganar Zuze tana nan a bakin Keresenzia, a shirye: sai na yi shawara. Kalma huɗu, kuma da ta ga motar nan a watan Mayu. Ta dubi hannun da ke kan marar, yatsun sun ƙanƙame riga. Ita kanta ba ta san ko ta yarda fushinta yana zubar da ciki ba. Zuwa coci take, amma a Ruwangwe aka haife ta. Abin da ta sani shi ne in wannan ma ya zube, sunanta ya tabbata kenan a bakin Mazvita. Akwai kuma wani abu can ƙasa da wannan, wanda ta hango ta kau da kai: 'yar da take zuwa kowane wata, wata rana za ta ce Amai ki bar aikin nan ki dawo wurinmu, ga ɗaki kusa da na yara.

Ta miƙa hannu Gwinyai ya ba ta gorar ruwan da ke aljihunsa, ta roba, mai tambarin masauki. Ta kurɓa, ruwan ya yi sanyi har haƙoranta suka amsa. Ta fesar a kan duwatsun bakin ramin. Ta kira uwarta da kakarta da sunayensu, ta ce su ji, ta karɓi saniya, ba ta riƙe da kowa, abin da ke cikin yarinyar nan ya zauna ya cika watanninsa. Gwinyai ya yi ta tafi. Chenesai ta sauke numfashi, kafaɗunta suka sauko, ta yi kuka kaɗan, kuma a kafaɗar mijinta ta yi shi.

Da suka sauko sun zama wasu mutane. Gwinyai har da yi wa Zuze barkwanci a kan kifi, Chenesai ta ci abincin rana ta ƙara. Ƙarfe biyu aka loda kaya. Keresenzia ta ninke shuɗin zane ta sa a jakar Mazvita ba ta gaya wa kowa ba. Mista Saungweme yana kan matakala yana cewa su sake dawowa, suna cewa lalle, lalle. Chenesai ta rungume ta, runguma mai kyau, ta shiga mota ta sauke gilashi, fuskarta a sake kamar ta yarinya.

"Sai mun yi waya, Mainini."

Motar ta bi kwana ta shige cikin itatuwa. Keresenzia ta tsaya har ƙarar ta ɓace, tana jiran kuka ya zo. Ya zo, amma a ƙarƙashinsa ta ji wancan sanyin na ranar makulli yana saukowa a ƙirjinta, ta gane shi sarai, ta tsane shi, bai kuma fasa saukowa ba.

A watan Satumba matar wanki ta dawo daga Ruwangwe da labari. An haifi namiji a Harare, lafiya lau, Winifrida ta tafi zaman jego tun sati biyu kafin haihuwar. Baƙar karsana ma ta ɗauki ciki, yaran gari suna ce mata ƙaramar saniyar Winifrida. Zuze ya ce ai sai a yi murna, ya zuba mata shayi da sukari cokali uku, bai yi tsokana ba ranar. Ta sha rabi. Daga falo aka aiko cewa baƙin ɗaki na shida suna son tafiya tafki, ɗansu kuma ya ƙi sauka daga hannu. Ta ɗauki farin tawul daga kan igiya, ta taɓa aljihu ta ji makullinta yana nan, ta tafi.